Zaman Miji Da Matarsa Sa'ad Da Ciwo Ya Shiga Gida

 Darasin nan yana magana a kan abin da ake yi cikin ɗaki, ƙofa a rufe, wanda ba a cika faɗinsa a majami'a ba: watau mijin da yake dukan matarsa, ko zaginta, ko tsorata ta, domin an sami ƙwayar cutar HIV a jininta. Kada ka ce wannan zancen likitoci ne, ba ruwan mai bi da shi, gama a cikin gidansa ake sanin halin mutum na gaskiya. Abu ɗaya nake so ka riƙe daga farko har ƙarshe. Maganin wannan ciwo yana nan, yana kuwa aiki. Amma macen da take tsoron mijinta ba ta iya shansa yadda ya kamata. Domin wannan, wanda ya ɗaga mata hannu ya yi mata ɓarna biyu: ya ji mata rauni yau, ya kuma buɗe wa ciwo ƙofa gobe.

1. Ciwon da maganinsa

A shekara ta 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da labarin wannan ciwo. A 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayar da take kawo shi, a 1986 kuma aka ba da labarin ɓullarsa a Nijeriya. A kwanakin nan babu magani mai ƙarfi, mutane suna ramewa suna mutuwa, shi ya sa aka sa masa suna ƙanjamau, waɗansu ma suna ce masa kabari kusa. Tsoron da ya shiga zukata a lokacin shi ne ya rage har yau, ko da yake abin ya sake ƙwarai. A 1996 aka soma haɗa magunguna uku wuri ɗaya, sai ga waɗanda aka fid da rai da su suna tashi suna komawa aiki. Gwamnatin Nijeriya ta fara rarraba maganin a 2002, a 2006 kuma ta mai da shi kyauta.

Ga yadda ciwon yake. A cikin jinin mutum akwai waɗansu ƙananan halittu masu tsaron jiki, kamar dogarai a ƙofar gari. Likitoci suna kiran waɗansunsu CD4. Mai lafiya yakan sami tsakanin 500 da 1,500 daga cikinsu a ɗan ɗigon jini da ake aunawa. Ƙwayar HIV takan shiga cikin waɗannan masu tsaro, ta hayayyafa, ta hallaka su kaɗan kaɗan. Idan suka ragu ƙasa da 200, gari ya zama ba mai tsaro, sai tarin fuka da sauran cututtuka su shigo yadda suka ga dama. Tarin fuka kuwa shi ne ya fi kashe masu ɗauke da wannan ƙwaya.

Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki ɗungum, amma yana hana ta haihuwa. Yawancin manya ƙwayar magani ɗaya tak suke sha kowace rana, magunguna uku a haɗe cikinta. Ɗaya daga cikinsu shi ne dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019. Wadda ta riƙe shi ba fashi, cikin kamar wata shida ƙwayar cutar takan kwanta har gwaji ya kasa ganinta. Sa'an nan masu tsaron jiki su farfaɗo, mace ta yi noma, ta yi kasuwa, ta goyi 'ya'yanta, ta ga jikokinta.

Amma ka lura da sharaɗin: kowace rana, har iyakar rai. Maganin kamar shingen gona yake. Ranar da aka bar kafa, ta nan awaki za su shiga. Idan aka daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar takan sake cika jini. Idan kuwa ana sha yau a bari gobe, ƙwayar tana iya sabawa da maganin, kamar ɓeran da ya gane tarko, har ya zama maganin bai ƙara yi mata kome ba, sai an nemi wani mai wuyar samu.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane miji ya sani. A 2011 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, ɗaya yana da ƙwayar ɗaya ba shi da ita. Aka tarar fara magani da wuri ya rage kamuwar abokin zama da kashi 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wadda ƙwayar ta kwanta a jininta, ƙasa da 200 a ma'aunin asibiti, ba ta sa wa mijinta ta wurin kwanciyar aure. Hakanan kuma jariri: idan uwa ba ta shan magani, 15 zuwa 45 cikin 100 na jarirai sukan kamu a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono; idan tana sha, abin yakan sauka ƙasa da 5. Ashe ƙwayar maganin nan da mace take haɗiya garkuwar mijinta ce, garkuwar ɗansa ce kuma.

2. Abin da ya sa ake ɗora wa mace laifi

Babban ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar, kuma a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, mata sun ninka maza. Ban da wannan, mace ce take zuwa awo idan ta sami ciki, a can kuwa ake gwada jininta. Namiji sau da yawa ba ya taka ƙofar asibiti sai ciwo ya kayar da shi. Saboda haka a gidaje da yawa mace ce take fara jin labarin, ita ce kuma take ɗauko shi zuwa gida, sai maigida ya ce ita ta kawo ciwon.

Wannan hukunci ba shi da tushe. Takardar gwaji ba ta faɗin ranar da ƙwayar ta shiga, ba ta kuwa faɗin ta hannun wa. Ƙwayar tana iya zama cikin mutum har shekara goma yana ƙiba yana aiki, bai san kome ba. Tana shiga ta wurin kwanciya, ta wurin ƙarin jinin da ba a gwada ba, ta wurin allura ko aska da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, ta kuma wurin haihuwa da shayarwa. Akwai matan da aka haife su da ita suka girma har suka yi aure. Akwai waɗanda suka same ta a gidan mijin fari. Akwai da yawa kuma waɗanda ba su taɓa sanin wani namiji ba sai wannan da yake tuhumarsu. Wanda aka fara gwadawa ba lallai shi ne ya fara kamuwa ba. Wani lokaci ma ma'aurata sukan zauna shekaru, ɗaya yana da ita ɗaya babu, ba tare da wani ya ci amanar wani ba bayan ɗaurin aure.

Ka tuna da labarin da yake cikin Bisharar Yohanna sura 9, inda almajirai suka ga wani da aka haifa makaho, suka so su san laifin wa ya jawo masa. Ubangiji bai bi su cikin neman mai laifi ba, aikin warkarwa ya sa a gaba. Mai bi wanda ciwo ya shiga gidansa, wannan sawu ya kamata ya bi.

3. Yadda cutarwa take raba mace da maganinta

Da farko ka san cewa cutarwa ba sanda kaɗai ba ce. Mari cutarwa ne, shaƙe wuya cutarwa ne. Hakanan zagi da gori, da barazanar saki ko ta tona asiri, da hana cefane, da hana fita zuwa asibiti, da tilasta wa mace kwanciya ba da yardarta ba. Abin kuwa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2021 cewa kashi 27 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 waɗanda suka taɓa zama da namiji sun sha duka ko tilas daga gare shi. Ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 kuma ta nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun sha duka, ko tilas, ko wulakanci daga mazansu.

Masana sun auna abin da wannan yake yi wa magani. A 2015 aka tattara bincike 13 wuri ɗaya, aka ga matan da mazansu suke cutarwa sun fi sauran mata tsallake shan magani, ƙwayar kuma ta fi wuyar kwanciya a jininsu. A 2023 aka buga wani nazari a kan ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara. Ya nuna matan da aka cutar cikin shekarar da ta wuce sun ninka sauran mata wajen sau 3 a sabon kamuwa, masu ƙwayar kuma a cikinsu samun kwanciyarta ya ragu da kashi 9 cikin 100.

Lissafi ke nan. Yanzu ga yadda abin yake faruwa a cikin gida. Mace ta dawo daga awo da labari a bakinta. Ta san halin maigida, ta san abin da ya yi mata ranar da tuwo ya yi gishiri, balle wannan. Sai ta yi shiru. Ta juye maganin daga robarsa domin kada ya yi ƙara, ta ƙulle shi a tsumma, ta tura ƙarƙashin katifa ko cikin tukunyar da ba a dafuwa da ita. Lokacin shan magani ya yi, maigida yana zaune a ɗakin, ba ta da halin ɗaukowa. Dare ya wuce haka. Ranar komawa asibiti ta zo, tilas ta nemi izini, tilas ta nemi kuɗin mota, za a kuwa tambaye ta me za ta je yi alhali ba ta kwance. Wata takan zaɓi asibitin wani gari mai nisa domin kada a gane ta, nisan kuma ya zama dalilin fashi.

Idan asirin ya fito, wani miji yakan watsa maganin cikin masai, ya yayyage katin asibiti. Wani yakan kore ta da tsakar dare, ba mayafi ba kati ba magani, ta kwana uku a gidan iyayenta tana jin kunyar faɗin abin da ta baro. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani: wadda ake gaya mata kullum cewa ita gawa ce mai tafiya, ran nan sai ta gaskata, ta ce amfanin me maganin zai yi mini. Baƙin ciki mai nauyi ciwo ne shi ma, yana kuwa sa mutum ya saki abin da yake riƙe da ransa.

Dubi ƙarshen al'amarin. Mijin da ya watsar da maganin matarsa ya tada ƙwayar da take kwance, ya jawo ta zuwa jikinsa, ya miƙa ta ga jaririn da yake shan nono. Ya ƙone rumbunsa domin fushi da ɓera.

4. Hujjojin da mutane sukan kawo

Wani zai ce, “Ni ne shugaban gida, horo nake yi mata.” Amsa: manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa sura 5, ya auna shugabancin miji da ƙaunar Almasihu wanda ya ba da ransa domin ikkilisiya. Shugabancin da aka auna da gicciye ba ya riƙe bulala. Gaskiya ne tsohuwar dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta zo da sashe na 55 wanda ya bar wa miji kafar abin da ya kira gyaran matarsa. Amma ba dukan abin da dokar mutane ta kau da kai a kansa yake da tsarki a gaban Allah ba. Ita dokar ƙasa ma ta matsa gaba: a 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta fara aiki a Abuja, jihohi da yawa kuma suka karɓe ta daga baya. Ta sa dukan abokin aure cikin laifin da ake ɗaure mutum har shekara 3, ta kuma hana korarsa daga gida da ƙarfi.

Wani zai ce, “Ta ci amanata, ta jawo mini kunya.” Amsa: ka riga ka ji cewa gwaji ba ya nuna haka. Amma a ce ma akwai zunubi, duka ba ya wanke shi, ba ya kuwa fitar da ƙwaya daga jini. Sa'ad da aka kawo wa Ubangiji macen da aka kama cikin zina, masu duwatsu ne suka watse, ita kuwa ta tafi da ranta da gargaɗi. Idan kana da ƙara, akwai dattawa, akwai hanyar magana.

Wani zai ce, “Mai bangaskiya ba ya shan magani, addu'a ta isa.” Amsa: muna roƙon Allah abinci, duk da haka muna ɗaukar fartanya zuwa gona. Luka wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Bisharu huɗu likita ne. Mutane da yawa sun zubar da maganinsu domin wani ya ce musu sun warke, suka koma asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Ku yi addu'a da safe da maraice, ku yi azumi idan jiki ya iya, amma kada azumi ko alkawarin kowane mai wa'azi ya sa a tsallake magani ko na kwana ɗaya.

Wani kuma zai ce wa macen, “Yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya.” Amsa: haƙuri da talauci da ciwo da bambancin hali abin yabo ne, gama tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma wanda ya ce wa mace ta koma ƙarƙashin hannun da yake neman ranta, ya sa hannunsa cikin abin da zai same ta.

5. Zuwa ga maigida

Ya ɗan'uwana, idan mai ɗakinka ta gaya maka wannan labari, ka san ta ba ka amana mafi nauyi da take da ita. Ga abin da ya wajaba a kanka.

Na fari, ka riƙe hannunka da harshenka. Idan zuciyarka ta tafasa, fita waje, je wurin wani dattijo mai riƙon asiri, kada ka dawo sai ta huce. Idan burkutu ko wata giya ita take kwance maka hannu, ka rabu da ita.

Na biyu, ka je a gwada jininka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kana da ƙwayar, ka fara magani ba jinkiri, ku riƙa sha tare. Idan ba ka da ita, malaman asibiti za su nuna maka yadda za ka tsare kanka da kwaroron roba ko da maganin rigakafi, har ƙwayar ta kwanta a jinin matarka. Idan ka shigo bangaskiya da mata fiye da ɗaya, a gwada kowace da yardarta, da yara kuma, kada ka bar kishiya ta mai da ciwon 'yar'uwarta abin habaici.

Na uku, ka zama mai tsaron maganin. Sa ƙararrawa a wayarka domin lokacin sha. Ware kuɗin mota kafin ranar asibiti ta zo, ka raka ta idan ta so. Kada ka raba mata kwano ko tabarma, gama ƙwayar ba ta bin abinci, ko gaisuwa, ko gumi, ko cizon sauro.

Na huɗu, ka rufe asirinta. Ba naka ba ne da za ka kai wa mahaifiyarka ko abokanka sai da izininta.

Idan kuwa ka riga ka yi mata duka, kada ka tsaya ga hawaye da sayen atamfa. Ka furta laifinka a gabanta da gaban dattawa, ka yarda a sa maka ido, ka bar kwanaki su shaida tubanka.

6. Zuwa ga 'yar'uwa

Ya 'yar'uwata, dukan da ake yi miki ba hakkin ciwonki ba ne, ba kuwa nufin Allah ba ne. Ranki yana da daraja a wurinsa kamar ran kowa. Riƙe maganinki kamar yadda kike riƙe goyonki.

Ki gaya wa malamar asibiti gaskiyar abin da yake faruwa a gida, gama ba za ta iya taimakonki a kan abin da ba ta sani ba. Idan kina tsoron faɗa wa maigida, ba tilas ki faɗa ke kaɗai cikin ɗaki ba. Ana iya kiranku tare a gwada ku a gaban mai ba da shawara. Idan kin ga faɗin zai jawo miki hatsari, ki bari tukuna, ki nemi shawararsu a kan lokaci da hanya. Ki tambaya kuma ko za a ba ki maganin wata uku ko shida gaba ɗaya, domin tafiya ta ragu.

Ki zaɓi mutum ɗaya mai amana, ko yaya, ko inna, ko wata dattijuwa cikin zumuntar mata. Ki ajiye maganin 'yan kwanaki a wurinta, da lambar katinki, da ɗan kuɗin mota. Idan kin manta da shan magani, ki sha da zarar kin tuna. Idan lokacin na gaba ya yi kusa, ki jira shi, kada ki haɗa biyu. Idan an watsar da maganin ko an kore ki, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Je asibiti mafi kusa da ake ba da wannan magani, ki faɗi abin da ya faru.

Akwai alamun da ba a wasa da su: idan ya shaƙe miki wuya, ko ya ɗauko wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ki, ko ya doke ki kina da ciki, ko dukan yana ƙaruwa. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki fita da 'ya'yanki zuwa inda za ki tsira. Wadda ta guje wa mutuwa ba ita ta karya alkawarin aure ba; wanda ya ɗaga hannu shi ya fara karya shi.

7. Zuwa ga dattawan ikkilisiya da matan zumunta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mace ta kawo kuka, ku saurare ta ita kaɗai tukuna, da wata mace a wurin, gama ba za ta iya magana a gaban wanda take tsoro ba. Ku fara da tambayar ko tana da wurin kwana lafiya, da ko maganinta yana hannunta. Idan da rauni, asibiti ne farko.

Kada ku yi gaggawar biko. Al'adarmu ce idan mace ta yi yaji a taru a ba ta baki ta koma, wannan kuwa yana da kyau cikin ƙananan saɓani. Amma inda akwai duka, kada a mayar da ita sai ta yarda da kanta, sai kuma an ga sakewar hali ta tabbata. Mijin da ya ƙi tuba, a hore shi bisa ga tsarin ikkilisiya, ko shi mai riƙe da muƙami ne, ko mai yawan baiko. Inda rai yake cikin hatsari, kai magana ga 'yan sanda ba tona asirin ikkilisiya ba ne. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, da NEPWHAN, watau ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya. Ku san inda ofisoshinsu mafi kusa suke tun buƙata ba ta taso ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku tsare harsunanku. Kada ciwon mutum ya fita ta bakin roƙon addu'a a gaban taro. A 2014 aka yi doka a Nijeriya wadda ta hana nuna wa masu ƙwayar bambanci. Abin kunya ne doka ta riga ikkilisiya jinƙai. Ku zauna benci ɗaya da ita, ku ci tare, ku sha ƙoƙo ɗaya a teburin Ubangiji, gama ba ta nan ake kamuwa ba. Ku koya wa samari tun kafin aure cewa ƙarfin namiji domin ɗaukar kaya aka ba shi.

Tambayoyi domin nazari

1. Me yake faruwa a jini idan aka sha magani yau aka bari gobe?
2. Don me wanda aka fara gwadawa ba lallai shi ne ya kawo ciwon ba?
3. Faɗi hanyoyi huɗu da tsoron miji yake hana mace shan maganinta.
4. Ta yaya maganin uwa yake tsare miji da jariri?
5. Waɗanne alamu ne suke nuna lokacin fita ya yi?
6. Idan mace ta ƙwanƙwasa ƙofarka da dare tana kuka, me za ka fara tambayarta?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da kake ganin abin da ake yi cikin ɗaki a rufe, ka dubi matan da suke ɓoye maganinsu saboda tsoro. Ka ba su ƙarfin zuciya da mataimaka masu amana. Ka tausasa zukatan mazajensu, ka mai da hannun da yake duka ya zama mai miƙa ruwa da magani. Ka ba dattawanmu hikima da gaba gaɗi, ka sa albarka ga aikin likitoci da malaman asibiti, ka mai da gidajenmu wurin salama. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.